Faɗin Ƙofa

Ƙarfe biyun dare a Ali Ɗan Sofo,
unguwa ta yi shiru, sai fanka da ni.
Benen Alhaji Ɗan Jimma yana cikin kwamfutata,
hawa uku, shaguna goma sha huɗu.
Ko bulo ɗaya ba a aza ba,
amma yana son ganin yadda rana
za ta kwanta a tagoginsa bayan la'asar.

Na ba na'ura haske, na ba ta inuwa,
na dasa mata bedi biyu a bakin titi,
na ce, dafa mini hoton nan.
Ta hau, ta hau,
tamanin da bakwai cikin ɗari,
sai ta toge kamar jakin da ya iske gulbi ya kawo.
Allo ya yi fari fat.
Aikin awa shida ya bi ruwa.

Da safe na rungume ta a bayan kabu-kabu
zuwa rumfar Tsahiru, can bayan kasuwa.
Ya kwance cikinta, ya hure ƙura, ya yi murmushi:
"Barira, rumbunki giga takwas ne cif,
amma tsarin da ke kanta na talatin da biyu ne,
ko huɗu ba ya iya ɗebowa.
Hatsi na nan jibge,
ƙofar ce ba ta cin masaki.
Koma sittin da huɗu ki huta."

Na ce, to injin buga taswirata fa?
Tsohuwar nan da aka kawo mini daga Kwatano,
jika ɗari uku, kuɗin adashen shekara guda.
Ya sosa ƙeya.
"Wannan kam ba ta jin yaren sittin da huɗu,
waɗanda suka ƙera ta ma sun manta da ita."

Sai Lawali mai walda wayoyi ya leƙo:
"Ki bar Windos gaba ɗaya, ki hau Linuks,
ba kuɗi, ba ƙwayar cuta, ba ci da yawa."
Na ce, manhajar zanena ba ta kwana can
sai da tafinta a tsakani,
kuma tafinta, ka sani, yakan haɗiye magana.
Kowa da kiwon da ya karɓe shi, Lawali.

Na zauna a benci, shayi ya huce a hannuna.
Baba ya faɗo mini a rai.
Shi da tsinke yake zana gida a ƙasa,
iska ta share, ginin ya tsaya shekara arba'in.
Yakan ce, kafin ki yanka ƙofa
tambayi abin da zai riƙa shiga,
mutum ne da sandarsa
ko amalanke da buhunan gujiya.
Kuma ban taɓa ganin ya rushe tsohon ɗaki ba
don kawai an yi sabo.

Na ce, Tsahiru, raba faifan nan gida biyu.
Babban fili na sittin da huɗu,
haske da inuwa su miƙe ƙafa.
Can lungu ka bar ɗan ɗaki na talatin da biyu,
tsohuwa ta samu mai yi mata hira.
Ya ce, "Kullum sai kin kashe kin kunna."
Na ce, ai ko gidanmu na Maradawa
sai an ratsa tsakar gida.

Daren nan ban kalli allo ba,
na dai roƙi Allah kar a ɗauke wuta.
Kafin kiran assalatu hoto ya nuna,
rana kwance a gilashi, ja kamar akuyarmu.

Alhaji ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.
"Madalla, 'yata. Kamar in shiga.
Sai dai ƙofar gareji ta yi mini kaɗan,
babbar mota ba za ta wuce ba.
A ƙara mata faɗi, a sake."