Faifai na Biyar

Shekara goma sha tara na yi a ɗakin majigi,
a Garwa, bayan tashar jirgin ruwa.
Silimarmu ba rufi, sama ce rumfarta.
In Binuwai ta cika ta batse
sai gwangwanaye su iso tare da gishiri da kananzir,
faifai biyar-biyar, ɗaure da igiyar rama.

Finafinan Amurka ne, sun tsufa tun a hanya.
Saurayi da hula doguwa kamar turmi,
budurwa da gashi fari sol kamar audugar Pitowa.
Da Faransancin aro suke faɗa,
baki na gabas, magana na yamma,
amma da kiɗa ya tashi sai murya ta sauya,
su koma harshen gidansu.
Ba mai ji a cikinmu,
ba kuma wanda ya ce a mayar masa da dalarsa.

Takalmansu ma magana suke.
Mati baduku ya zo kallo dare uku a jere,
ya koma ya kafa marafan kwalba a ƙasan faɗe.
Makon nan duk, liman bai yi barcin rana ba.

Labarin ɗaya ne, ko makaho ya haddace:
ta tsane shi, ya yi mata 'yar ƙarya,
wasiƙa ta faɗa hannun da ba nata ba,
a ƙarshe mata arba'in su gangaro matakala
ƙafa ɗaya, murmushi ɗaya,
ya riƙe hannunta, fitila ta kawo.

Ladidi na soya kifi a bakin ƙofa.
In kasko ya huce sai ta hawo wurina,
ta leƙa ta tagar da haske ke fita,
ta ce, "Iro, mutanen nan ba su da aikin yi ne?
Ita wannan yaushe take ɗora tukunya?"
Amma ina ganin yatsun ƙafarta suna bin kiɗan.

Wata Asabar idona na kanta,
hannuna ya ɗauko na biyar ya sa a farko.
Kunya ta hana ni tsayawa,
na bi da na huɗu, na uku, haka har ƙasa.
Garwa ta ga biki tun ba a gaisa ba,
sannan sulhu, sannan rigimar da aka sulhunta,
daga ƙarshe baƙi biyu a tashar jirgi,
akwatinta ya zube, yana tsince mata kaya,
bai ko san sunanta ba.
Wani jandarma ya wurgo min takalmi.
Bagiriken da ke da gidan ya ci albashina na mako.
Ladidi ta yi dariya har da riƙe ciki,
ta ce, "Wannan ya fi.
Ka bar su komai na gabansu."

Yau gidan silima rumbun siminti ne.
Bangon da suka yi rawa a kansa
an rubuta masa farashin buhu da gawayi.
Mati ya riga mu. Jirgi ya daina zuwa.

Shekararmu hamsin da ɗaya da Ladidi.
Bara sunayen jikoki suka fara zube mata,
sannan na 'ya'ya, sannan hanyar kasuwa.
Likita ya faɗi sunan ciwon, ban riƙe ba.
Ni dai na san hannun da ya juya faifan
ya fi nawa sanin aiki.

Kowace safiya takan dube ni daga tabarma,
ta ja mayafi, ta ce,
"Bawan Allah, wa kake nema?"
Sai in ɗauko faɗen nan daga ƙarƙashin gado,
marafansa uku suka rage, duk sun yi tsatsa.
Taku biyu nake yi a kan daɓe,
na uku gwiwa ta ƙi.

Takan rufe baki da tafin hannu,
kafaɗunta na rawa.
"Kai kuwa," in ji ta, "ba ka da aikin yi ne?"

In ce, "Sunana Iro."
In zauna nesa kaɗan, kamar yadda baƙo ke yi.