Fitila Rawaya

Maigidana Tanimun da kunne ya ci zamaninsa.
Birki ya yi tari, ya ce: ga ciwon.
Motar yau ba ta tari,
fitila rawaya take kunnawa, ta ja bakinta.

A Kasuwar Dole, Ɗan'azumi ya ajiye mini na'ura biyu.
Ta jika goma inji kaɗai take gaidawa,
kome ka tambaye ta, lafiya lau.
Ta jika tamanin tana bin ƙafa huɗu ɗaya-ɗaya,
har iskar da ta laɓe a bututu ta sani.

Na tuna hanyar Mirriya,
Balki a bayan taksi, kwandon tumatir a cinya.
Ragona na kai kasuwa.

Da la'asar ta faɗa: ƙafar baya, hagu.
Na kwance taya.
Rairayi ne, bai cika cokali ba.