Abin da Garma Ta Tono

Bara na sayo shara daga birni,
amalanke huɗu, na watsa a gonar gabas.
Bana da ruwa ya sauka na kafa garma,
sai bakinta ya sarƙe.
Na duƙa na ja: hannun riga ne,
shuɗi, mai sheƙi, da maɓallansa biyu.
Damina guda ta bi ta kansa,
gara ta shinshina ta yi gaba,
ƙasa ta tauna ta tofar.

Kunya bakwai, tsumma goma sha ɗaya.
Na tara su a gindin gawo,
na zauna ina yi musu tambaya.
Wa ya ɗinka ku, a wane gari?
Abin da aka ba shi ya kai kwanon gero?
Wanda ya saye ku, Juma'a nawa ya yi da ku
kafin ku fita masa daga rai?

Sai rigar Baba ta faɗo min.
Audugarta a bayan gidanmu ta tsiro.
Inna Shawai ta kaɗa ta, rani biyu,
yatsa a alli, mazari na rawa.
Ilu na Minjibir ya saƙa,
ƙoshiya na kai da komo kamar mai sasanta faɗa.
Ta sha baba a karofi har ta ƙoshi.
Kuɗinta tunkiya ce da ɗanta,
aka yi ta cewa Baba ya yi wauta.

Da ita ya zo sunana,
da ita ya nemo min aure,
da ita ya raka Inna makwanci.
Wuya ya cinye, aka juya wuya.
Aljihu ya yage, aka yi maho.
Da ta gaji, aka fitar wa ɗana taguwa,
saura ya zama gammon ɗebo ruwa.
Ƙyallen ƙarshe ya faɗa juji,
juji ya tafi gona,
muka ci shi a tuwon dawa ba mu sani ba.

Yau ɗan nan, Tanimu, rigunansa tara,
ba wadda ta ga Sallah biyu.
Ya ce, “Ai araha ce.”
Na ce, araha ba ta ado,
ga shi kuma ba ta ruɓa.

Ran kasuwa zan nemi jikan Ilu,
shi kaɗai ya rage a rumfar masaƙa.
Ba zan matse shi a ciniki ba,
guminsa ma yana da iyali.
Zan ce, saƙa min wadda za ta fi ni daɗewa,
amma idan ranarta ta zo
ta san hanyar komawa ƙasa
kamar kowa.

Tsumman nan kuwa, na ɗaure su a kara.
Tunda sun ƙi mutuwa,
su tsaya su kore min tsuntsaye.