Daɗin Dare

A Rembang, can gabashin Java,
inda dutsen Bromo ke tari yana zubar da toka,
Ngatinem ta sauke kwando daga saman murhu.
Makonni ƙwayoyin suka yi suna shan hayaƙi.
Ka gan su ka ce albasa ce ta rame,
ka shinshina, babu komai sai ƙasa.

Da yatsa uku take auna rami.
Tsini sama, gindi ƙasa.
"Kar ka shayar da ita kamar shinkafa,"
ta ce wa jikanta Wagiyo.
"Wannan 'yar ba ta son ƙafarta cikin ruwa.
Bara na yi mata gata, ta ruɓe."

Sai cirar ciyawa. Sai takin akuya.
Sai murtsuke ƙwari da farce a bayan ganye.
Wata huɗu ba ta ce uffan ba,
kamar ta manta alkawari.

Ran nan kara ya miƙe har ƙugu,
farare suka jeru, na ƙasa ya fara buɗe baki.
Sedap malam suke kiranta,
daɗin dare ke nan:
da rana rowa, da magariba kyauta.

Kafin asuba Wagiyo zai yanke,
ya ɗaure dami a babur, sai Surabaya.

Ita kuwa, shekara shida ke nan
da zazzaɓi ya kulle mata hanci.
Takan zauna a dokin ƙofa
ta jira mai wucewa
ya rage tafiya, ya ɗaga kai,
ya lumshe ido.

A fuskarsa take jin ƙanshin.