Matakala Goma Sha Ɗaya

Na ƙirga su, goma sha ɗaya ne,
matakalan gidan magajin gari.
Kekena ya ja birki a gindinsu
kamar jakin da ya hangi bakin rijiya.
A sama ana taro a kanmu,
an rubuta sunanmu a farin ƙyalle an rataya,
an kawo lemo, an kawo masu ɗaukar hoto,
mu da aka taru dominmu ba mu hau ba.

Ni ce Harira ta Garin Malam,
mai ɗinki da keken hannu.
Shan-inna ta karɓe ƙafafuna ina shekara huɗu,
ta bar mini kai, ta bar mini baki,
ta bar mini lissafin da ba ya ɓatar da dala.
Shekara tara ina riƙe da adashin mata talatin,
ni ce marar ƙafa,
amma kuɗinsu ko sau ɗaya ba su yi ƙafa ba.

Ranar zaɓe kuwa, mota har ƙofar gida.
Samari biyu suka ɗauke ni cak kamar buhun gero,
suna "A hankali da Hajiya!"
Na dangwala yatsa, aka ba ni atamfa da sabulu.
Atamfar ta koɗe, sabulun ya narke,
wanda na zaɓa bai sake bin layinmu ba.

Ku tambayi Mutari makaho
ramuka nawa ne daga Kasuwar Dole zuwa tasha.
Sandarsa ta haddace su ɗaya bayan ɗaya,
har kwatar da aka buɗe damina biyu aka manta.
Injiniya ya zo da takarda,
ya auna titin daga cikin mota.
Mutari na zaune gindin bedi, taku ashirin tsakaninsu,
ko sallama bai samu ba.

Ruwa a Damagaram, kowa ya san wuyarsa.
Da famfo ya iso unguwarmu har guɗa na yi.
Sai ga shi a kan dakali, ya fi ƙarfin hannuna.
Ban ce mugunta ce ba.
Duk waɗanda suka zauna suka tsara shi
da ƙafafunsu suka shiga ɗakin,
kuma wanda bai taɓa jan jiki a ƙasa ba
tudu ba ya yi masa kama da tudu.

Zaneidu kurma ya kai matarsa asibiti cikin dare,
hannuwansa suna ihu,
aka ce ya fita, yana tare hanya.
Wa zai tashi a majalisa ya faɗi wannan
in ba wanda abin ya kwana a ƙirjinsa ba?

Da na ce zan nemi kujera in zaɓe ya zo,
kawuna ya ajiye kofin shayi:
"Gurguwa da siyasa? Wa zai bi wadda ba ta tafiya?"
Na ce, Kawu, da da ƙafa ake shugabanci,
ai da raƙumi ne magajin gari.
Bai yi dariya ba. Matarsa ce ta yi, a bayan zana.

Ba na raina sadaka, ta sha rufa mini asiri.
Amma sadaka ba ta sa hannu a kasafin kuɗi,
ba ta ce wa magini ya kwantar da ƙofa.

Yanzu mai gadi ya sunkuyo,
wai in bari a ɗauke ni a kai ni sama.
Na ce a'a, ɗana, an ɗauke ni ya isa.
Hau ka gaya musu
tebur ya fi ni sauƙin ɗauka, su sauko da shi.
Ya hau. Rana ta gasa duwatsun Birni,
ƙarfen kekena ya fara ƙona tafin hannu.
Har yanzu bai dawo ba.
Ni ma ban tafi ba.