Abin da Ƙanƙara Ta Bari

Ƙanƙara nake sayarwa a bakin tashar Tibiri,
shekara goma sha ɗaya ke nan, in ka cire watannin sanyi.
Da asuba nakan ɗauko sanda shida
in lulluɓe su da buhu da garin katako.
Kafin azahar biyu sun tafi, ba wanda ya biya ni.

Na san tafiyarta.
Ba ta gudu. Da baya take ja
kamar surukin da ya gama gaisuwa.
Sai ka ɗaga buhu ka tarar da abin da ta bari:
tsakuwa, ƙaiƙayi, wani ƙuda da ya daskare tun jiya,
da 'yar hanyar da ruwanta ya sara cikin rairayi,
ta gangara ƙarƙashin teburin Nomau mai shayi
ta tara masa taɓo a ƙafar benci.
Kullum sai mun yi faɗa a kai.

Tsahara, ɗiyar ƙanena mai karatun ƙasa a jami'a,
ta zo sayen ta dala ashirin, ta tsaya kallon wannan hanya.
Ta ce, Baba Mantau, haka ake yi a ƙarshen duniya.
Ta miƙo mani waya.
Can arewa, inda rana kan yi watanni ba ta faɗi ba,
ƙanƙara ce kwance bisa duwatsu,
kaurinta ya fi hasumiya goma a ɗora bisa juna,
tana niƙa dutsen da ke ƙarƙashinta
kamar tsohuwa durƙushe gaban maniƙa,
tun ba a haifi kakan kowa ba.

Yanzu, in ji ta, tana ja da baya.
Garin da ta niƙa, ruwa ke kwasa zuwa teku.
Inda jirgi ya tsaya bara, bana laka ce.
Tsibiri ya fito wanda taswira ba ta san shi ba,
ko suna ba a raɗa masa ba tukuna.
Wani gefen kuma ta yi nisa,
garin nata ya daina isowa,
teku ya juyo yana cin gaɓa loma-loma.

Na ce, ɗiyata, ai wannan Gulbi ne.

Ubana yana yaro ruwa ya ci tsohon Maradi,
suka hawo tudu da tabarmi a ka.
Bai taɓa zagin Gulbi ba.
Yakan ce bakin da ya ci gari
shi ke tofa wa fadama baƙar laka,
mai maiƙo, wadda in ka taka ba ta sakin ƙafa.
A cikinta muka shuka taba, muka shuka tumatir.
Da aka datse shi can Jibiya
lakar ta zauna bayan bango, ta bar mu da jira.
Abin da ke iso mana yanzu farin rairayi ne daga koramu.
Ya binne rijiyar Barmo har baki,
ya hau kan mangwaron Ige sai rassa,
masu amalanke na ɗibarsa suna kai wa magina.
Gaɓar da na koyi iyo, yau tsakiyar gona ce,
gonar da na koyi noma, yau gaɓa.

Ta yi shiru. Ta ce su ma ba su san inda bakin tekunsu zai tsaya ba.
Na ce ba ya tsayawa.

Na sara mata gefe mai kyau, na ƙara ɗan guntu.
Ta tafi leda na ɗiga,
ɗigo, ɗigo, har kwanar masu faci.

Na ɗaga buhu.
Sanda ta huɗu ta rame, ta yi ƙugu.
Hanyar ruwan ta sake wuri,
ta bar bencin Nomau ta nufi buhun gawayin Hankurau,
shi kuwa yana barci, bai sani ba tukuna.