Rijiya a Bakin Hanya

Ƙarfe ɗaya na dare a Gyaɗi-Gyaɗi,
janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu,
cajina ya rage sha ɗaya.
Saƙo na huɗu ke nan daga mutum guda:
"Manhajarku ta tsaya. Yaushe za ku gyara?"

Ku? Su wa ke nan?
Ni kaɗai ce, sai shayin da ya huce
da kuɗin makarantar Basma da ban cika ba.

Shekara uku ke nan da na rubuta ta
don Kawu Tasi'u na Kantin Kwari
ya daina lissafin yadi a bayan kwali.
Na bar ta buɗe, rijiya a bakin hanya.
Yanzu mai ɗiba ke tuhumata
don me guga ke yoyo,
ya yar min da shi, ya wuce da tulunsa cike.

Na gangara layi na ɗari biyu da bakwai.
Ga ɓarnar, kuma sawun hannuna ne:
ni na ce mata in ta ci karo da abin da ba ta gane ba
ta haɗiye ta wuce.
Wani ya rubuta Ɗanlami da ɗ mai lanƙwasa,
ta haɗiye.
Wani ya bar gurbin farashi fayau,
ta haɗiye.
Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa;
yau ta amayar da shi kan bashin wani a Sabon Gari.

Sai na zauna koya mata magana:
in kin faɗi, ki faɗi inda kika faɗi,
ki kira layin da sunansa,
kada ki ce "an samu matsala" ki ja baki.

Gwaji ya yi kore.
Amma ganin Dala ba shiga birni ba.

Da na gama sai na ga
ni ma haka nake tun bara:
"to", "in sha Allahu gobe", "ba komai",
duk na haɗiye.

Na rubuta masa:
"Na toshe wannan. Sauran ba zan iya ba sai bayan albashi.
Ga igiya, ga guga, in kana da hannu."

Caji uku.
Na rufe allo kafin ya amsa.
Sauro ya ci gaba da nasa aikin,
shi ma kyauta.